Jim ɗin da nake zuwa, da ranar da koci ya maida ni gida saboda mura

Wata na biyar kenan ina zuwa wani gidan motsa jiki a nan Kano, jim dai kamar yanda yara suke cewa, kuma tun tuni abokai suke damuna wai in faɗa musu ya wajen yake kafin su kai kuɗinsu, to yau dai na zauna. Ba zan kama sunan wajen ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan taɓa su, mai wajen kuwa mutumin kirki ne bana son ace na zo intanet na ɓata masa kasuwa. Saman wani bene ne, ƙasa shaguna, wanda yake zuwa ya riga ya gane.

Ni ba sha'awar ƙwanji ce ta kaini ba. Likita ne ya auna ni ya ga jinina ya fara hawa, ya kalli tumbina ya kalle ni yace Alhaji ko dai ka rage wannan ko in ɗora ka a kan magani har illa masha Allahu. Ni kuma mutum ne mai wuni a zaune a shago, daga kujera sai masallaci, daga masallaci sai kujera, ga shayi ga burodi da ƙwai kullum dare. Na gwada bin masu sassarfa na safiyar Asabar ta wajen filin wasa na Sani Abacha, sau biyu na je na daina, abun da ba ka biya kuɗi ba wahalar ɗorewa gare shi. Shi ne na je na yi rijista, dubu 15 a wata, in kuma na rana ɗaya kake so 1,500.

Maganar kaya gaskiya ba laifi. Injin gudu huɗu ne, ɗaya tun ranar da na fara zuwa yake a mace an jingina masa kwali an rubuta ana gyara, har yau ana gyara. Kekuna suna nan lafiya, ƙarafa kuwa sun fi ƙarfin masu zuwa. Wuta ba ta yanke musu don akwai sola akwai janareto, mata suna da nasu lokacin daban da hantsi kuma mace ce take kula da su, uwargida ta taɓa zuwa sau ɗaya tace ba matsala. Banɗaki da safe fes, da yamma sai a hankali. Koci biyu ne a ɓangaren maza, wani dattijo da zai yi shekara hamsin da ɗoriya wanda yace ya daɗe yana koyar da wasanni a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya, sai wani matashi ɗan ƙarfe wanda in ya sa singileti kamar an zana shi. To duk wannan kowa ya leƙa zai gani da idonsa. Abun da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shi ne abun da ya faru da ni a watan Janairu, lokacin da sanyi ya kankama hazo ya rufe gari ko Dala ba ka hangowa.

Ranar Lahadi da daddare na fara jin maƙogwarona yana ƙaiƙayi, wayewar gari Litinin hanci ya toshe sai atishawa kamar an watsa min barkono, jikina kuma duk a mace. Maman yara tace ka kwanta mana. Nace ina, saura kwana 9 kuɗina ya ƙare, in na kwanta wa zai biya ni? Ku riƙe wannan maganar don zan dawo kanta. Na haɗiyi maganin mura guda ɗaya irin na kemis ɗin nan na cikin kwali, na sa rigar sanyi na fita bayan asuba.

Matashin na fara tararwa a bakin ƙofa. Nace masa yau fa mura nake. Yace haba Baba ai ka zo inda ya dace, mura ba ta da magani sai gumi, ka hau inji ka yi minti 30 ka jiƙe sharkaf wallahi kafin ka sauka ta gudu, har yana cewa in ina so ya aro min rigar leda ɗin nan da samari suke sawa don su yi zufa. Ni kuma abun ya min daɗi a kunne saboda haka muka taso muna ji, a lulluɓa da bargo a yi sirace a yi gumi shikenan ciwo ya fita. Na hau inji. Ban yi minti biyar ba na ji zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, alhali tafiya ce kawai nake ba gudu ba, lambar da injin yake nunawa ta bugun zuciya ta haura abun da na saba gani da wajen 20.

Nan dattijon ya shigo. Ya tsaya ya kalle ni, ya zo ya danna maɓalli injin ya tsaya, yace Alhaji sauko mu gaisa. Ya kama hannuna ya riƙe bai saki ba, sai yace jikinka da zafi. Nace sanyi ma nake ji. Yace ai shi ne. Ya buɗe durowa ya ɗauko ɗan ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga da ya yi yawa lokacin korona ya saita min a goshi, 38.3. Yace yau babu tirenin, gida za ka koma, kuma ka bi ta kemis ko asibiti a yi maka gwajin maleriya kafin ka ce mura ce kawai. Gaskiya raina ya ɓaci a lokacin, mutum da kuɗinsa yaro ya ce shigo babba ya ce fita. Nace Malam ai yaronka cewa ya yi gumi ne maganinta. Bai ce komai a kan yaron ba a gabana, kuma wannan ya burge ni daga baya, sai ya zaunar da ni a benci ya min bayani.

Yace shi dokar da yake bi mai sauƙi ce, wuya ne iyaka. In abun da yake damunka daga wuya ne zuwa sama, wato majina, atishawa, toshewar hanci, ɗan ƙaiƙayin maƙoshi, kuma babu zazzaɓi, to za ka iya motsa jiki amma sama-sama, rabin abun da ka saba ko ƙasa da haka, ka gwada minti goma in ka ji daidai ka ɗan ƙara in ka ji ba daidai ba ka tsaya. In kuwa ya sauko ƙasan wuya, tari daga ƙirji, numfashi da ƙyar, ciwon gaɓoɓi, amai ko gudawa, ko kuma zafin jiki ya kai 38, to ko mita ɗaya kar ka gudu. Nace to in wuyan ne da kansa fa? Da wasa na faɗa. Shi kuwa bai yi dariya ba, yace in wuya ya sanƙare ga zazzaɓi ga ciwon kai mai tsanani a wannan lokacin na rani, ba maganar jim ake ba kuma ba maganar kemis ba, asibiti kai tsaye don sanƙarau ba ya jira.

Dalilin da ya bani a kan zazzaɓi ya zauna min. Yace jiki mai zazzaɓi ya riga ya hau aiki tun kana kwance, duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru zuciya tana ƙara bugu kamar goma a minti, ruwan jiki yana ƙonewa, sai kai kuma ka zo ka ƙara mata gudu ka ƙara zafi a kan zafi ka zubar da sauran ruwan ta gumi, mota ta yi zafi ka ce bari ka ƙara taka ta. Kuma wasu ƙwayoyin cutar masu kawo mura da masassara suna iya taɓa tsokar zuciya ta kumbura, ba kasafai ba amma yana faruwa, kuma wanda hakan ta same shi aikin ƙarfi shi ne babban haɗarinsa, matashi lafiyayye ma yana iya yanke jiki ya faɗi. Gumi kuwa yace ruwa ne da gishiri, ba ya fito da ƙwayar cuta. Abun da yake ruɗar mutane shi ne in ka fara motsi hancinka yana buɗewa, jijiyoyin jinin cikin hanci ne suke tsukewa na ɗan lokaci, kana hutawa ya sake toshewa, sai mutum ya ɗauka warkewa ya yi.

Sai ya tambaye ni me na sha. Na zaro kwalin daga aljihu. Ya juya bayansa ya nuna min ƙananan rubutun da ban taɓa karantawa ba a rayuwata, yace ka ga wannan da aka rubuta pseudoephedrine, shi yake buɗe hanci amma yana ɗaga bugun zuciya yana ɗaga jini, kai da likita ya ce jininka yana hawa bai kamata ka sha ba sai ka tambaya, balle ka sha ka hau inji. Ɗayan kuma irin sinadarin cikin Piriton ne, barci yake sawa, mai jin barci ba ya ɗaga ƙarfe a saman ƙirjinsa. Na uku farasitamol ne, yace mutane sai su sha wannan su ƙara da Panadol biyu ba su san abu ɗaya suke ninkawa ba, babba bai kamata ya wuce giram 4 a wuni ba saboda hanta, ga shi kuma yana ɓoye zazzaɓi mutum ya zaci ya samu sauƙi ya fito. Wallahi kunya ta kama ni, shekara nawa ina shan abun nan kamar gyaɗa.

Na tafi. Na yi gwajin maleriya na ɗan tsinken nan da ake ɗiga jini, babu. Yaron kemis ɗin har ya fara haɗo min kafso wai antibayotik, nace bar shi, don dattijon ya riga ya ja min kunne cewa mura bairos ce antibayotik ba ya mata komai, sai in likita ya duba ya ga wani abu daban ya hau kai. Kwana uku ina gida, shayin citta da kanumfari da lemon tsami da zuma, farfesun kaza da ya ji masoro, ruwa kamar raƙumi, barci. Ba wai su suka kashe murar ba, ita kwananta take yi, bakwai zuwa goma, amma maƙogwaro yana jin daɗinsu. Ɗan yayana da yake karatun gashin ƙashi a BUK ya zo duba ni na bashi labari, yace Kawu ai kocin nan ya san aikinsa, har ya bani labarin wani gwaji da aka yi a jami'ar Ball State a Amurka aka wallafa a 1998, mutum 50 aka ɗiga wa ƙwayar mura a hanci da gangan, wasu aka sa su motsa jiki na minti 40 yau a yi gobe a huta, wasu aka ce su zauna, da aka zo ƙarshe babu bambanci, masu motsin ba su fi saurin warkewa ba kuma ba su fi shan wahala ba. Nace to su kuma waɗanda suka yarda aka ɗiga musu mura nawa aka biya su? Ni dai abun da na ɗauka a ciki shi ne in murar kai ce kawai motsi ba ya cutarwa, amma kuma ba magani bane kamar yanda yaron can yake rantsuwa.

Ranar Juma'a na koma, zazzaɓi ya kwana biyu da sauka ba tare da magani ba, saura majina. Dattijon ya sake auna ni, yace to yau za ka yi amma yanda nace. Keke minti 15 a hankali, yanda zan iya hira ba tare da haki ba, yace in ka kasa gama jimla ɗaya ba ka ja numfashi ba to ka wuce gona da iri. Sai ɗan miƙe jiki. Ƙarfe ko kallonsa kar in yi. Ya kai ni keken da yake can ƙarshe kusa da taga, ya bani tishu da leda yace in na gama in goge hannun keken da kaina. Sati na gaba muka ɗan ƙara, sai da na yi wajen kwana goma sannan na koma inda nake. Na yi ta tsoron wai duk wahalar wata huɗu ta tafi a banza, yace sati ɗaya ba ya rushe komai, kuma gaskiyarsa ne, sikeli ma cewa ya yi na ragu. Tarin dai ya bi ni kusan sati uku, yace haka yake yi, amma in na ji ciwon ƙirji ko jiri ko zuciya tana tsalle-tsalle ko numfashi ya gagara a aikin da na saba yi cikin sauƙi in tsaya in tafi asibiti kar in zo wajensa.

To a nan na basu maki cikakke, amma dattijon na ba wa ba wajen ba, don da ranar bai zo da wuri ba da rigar leda zan ƙare.

Yanzu bari in dawo kan maganar kwana 9. Ni a ganina babban laifin wajen nan ba yaron bane, tsarin kuɗinsu ne. Ka biya wata, ko ka zo ko kar ka zo kwana yana tafiya, babu wani a dakatar maka. Na je wajen mai karɓar kuɗi nace ɗan'uwa kocinku ne fa da kansa ya hana ni shiga, kwana huɗun nan ba za a mayar min ba? Yace wallahi Alhaji ba a yi, haka oga ya tsara. To ka ga wanda ya cire dubu 15 a wannan marrar, ga shi ana ƙirga masa kwana, me kake tsammani in mura ta kama shi? Zuwa zai yi, ni ma ai zuwa na yi. Kuma kwana biyu ukun farko su ne lokacin da mutum ya fi yaɗa ta. Da na dawo na fara lura, a watan nan kusan kowane layi akwai mai jan majina, wani ya yi atishawa a tafin hannu ya kama ƙarfe, ya ajiye wani ya ɗauka ya goge gumin fuska. Ina kyautata zaton ni ma a nan na kwaso tawa. Mai wajen yana ganin kamar riba yake in bai ɗaga wa mutum kwana ba, alhali mutum ɗaya ya zo ya kwantar masa da biyar.

Ga kuma iska. Saboda ƙura sai su rufe tagogi ruf, su kunna fanka, mutum ashirin suna haki a ɗaki ɗaya iskar tana zagayawa a tsakaninmu. Na san uzurinsu, in an buɗe taga a hunturu kafin azahar injina sun yi fari fat, kuma mai asma ƙurar nan da busasshiyar iska mai sanyi ba ƙaramin tayar masa da ciwo suke ba, akwai wani bawan Allah da yake zuwa da abun shaƙarsa a aljihu kullum. Amma ai akwai tsaka-tsaki, a sa raga, a buɗe ɓangaren da iska ba ta bugowa, ko a riƙa buɗewa tsakanin rukunin safe da na hantsi. Sai abun da ya fi ƙona min rai, kofi ɗaya na roba a kan randar ruwan sanyi an ɗaure shi da zare kamar na bakin masallaci. Kofi ɗaya fisabilillahi. Ni yanzu da gorata nake zuwa. Robar maganin goge hannu tana nan a bango tun zamanin korona amma in ka matsa iska ce take fitowa, tawul ɗin goge injina kuwa guda biyu ne na ƙirga, kuma kalarsu ta asali sai wanda ya siyo su.

Na samu mai wajen na faɗa masa duk wannan baki da baki kafin in rubuta, don kar a ce gulma. Ya saurare ni tsaf ya yi godiya, sati biyu bayan nan aka cire kofin aka kawo fiya wata ana siyarwa, aka cika robar bango sau ɗaya. Maganar ɗaga kwana yace zai duba, wai tsoronsa kowa zai riƙa cewa ba shi da lafiya in ya yi tafiya. Nace to ka ce sai wanda koci ya auna ya mayar, ko wanda ya kawo katin asibiti, ko kwana biyar ne a wata. Yace in sha Allahu. Irin in sha Allahun da muka sani.

Shi kuma matashin, ban riƙe shi a zuci ba, yaro ne mai fara'a kuma in maganar yanda za ka riƙe ƙarfe ne kar ka ji ciwon baya ya iya sosai, shi ya gyara min tsugunno. Kawai dai kar ka kai masa maganar rashin lafiya. Kwanaki na ji shi yana faɗa wa wani sabon zuwa mai jan hanci cewa a duba wuya tukunna, zazzaɓi fa? Nace a raina lallai an yi zama da shi a bayan fage. Rigar ledar dai har yanzu tana rataye a ƙusa.

Masu tambaya ko su zo, ku zo, musamman in kun haura arba'in ko kuna da hawan jini ko siga, amma ku zo da safe tsakanin 6 da 9 lokacin dattijon yana nan, kuma ku faɗa masa gaskiyar magungunan da kuke sha tun ranar farko. Ku taho da gorar ruwanku da tawul ɗinku. In a cikin hunturu za ku fara, ni da zan sake da na rana-rana zan biya daga Disamba zuwa Fabrairu ko da ya fi tsada a lissafi, ranar da na tashi da mura in yi zamana ba tare da ina jin ana cin kuɗina ba. A biyar na basu uku da rabi. Na sabunta rijistata jiya, na tambayi yaron kanta labarin injin nan na huɗu, yace mai gyara yana hanya.